Daga Akwatin Kati Zuwa Rumbun Intanet

A da, ɗalibin da ya shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ba ya zarcewa kan kantar littattafai. Sai ya tsaya gaban akwatunan katako masu durowa-durowa, cike da ƙananan katuna da aka soke da siririn ƙarfe don kada a zare su. Kowane littafi yana da kati na sunan marubuci, da na take, da na fanni. Katin fannin nan shi ya koya mana bincike, domin kafin ka ja durowa dole ka san ainihin abin da kake nema, da kalmar da aka ajiye shi a ƙarƙashinta.

A 1901 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara sayar wa sauran laburare bugaggun katuna. Can kuma kwamfuta ta fara karɓar aikin: rumbun bincike na MEDLINE na likitanci a 1971, na DIALOG kuma a 1972. A wancan zamani gwargwadon lokacin da ka ɗauka kake biya, saboda haka ma'aikacin laburare kan tsara kalmomin a takarda tukuna, ya haɗa su da AND, OR da NOT, dabarar da ta samo asali daga lissafin George Boole na 1854.

Mu kam a faifan CD abin ya iso mana. TEEAL na Jami'ar Cornell ya fito a 1999 ɗauke da mujallun aikin gona, sai kuma ta intanet HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, da takwaransa AGORA a 2003. Wanda ya taɓa jiran mujalla wata da watanni ta gidan waya ya san girman wannan alheri.

Duk da wannan alheri, abin da ke ci mini rai yanzu shi ne yadda ɗalibaina suke zuba taken kundinsu kacokan cikin akwatin nema, su ce babu wanda ya yi rubutu a kai. Akwai, wallahi. Mai binciken jihadin Sakkwato da ya rubuta Usman dan Fodio kaɗai zai iya tsallake maƙalun da suka kira Shehu Uthman ibn Fudi, har sai ya sa OR a tsakaninsu. Don haka nake sa kowannensu ya kawo mini jerin kalmominsa a takarda kafin ya kunna kwamfuta.