Aikin Tilas a Ƙasar Faranshi

Ni mutumin Kuki ne, kuma mayen sauraren labarai. A 2023 gidajen rediyo sun cika da labarin yajin aikin ma'aikatan Faransa, don an ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Waɗansu suka ce ragwanci ne. Ni kuwa sai na tuna da 'yan'uwanmu Katsinawan Maraɗi.

Tun 1936 ma'aikacin Faransa ya sami dokar aikin awa 40 a mako, da hutun mako biyu a shekara da albashinsa. Amma a wannan zamani talakan Maraɗi da Tasawa aikin tilas yake sha. Kumandan ya nemi mutane wurin sarki, a kwashe su zuwa gyaran hanya da dako, galibi ba ko anini. Wanda ya ƙi, a ɗaure shi ba shari'a. Wannan ya sa da yawa suka ƙetaro ƙasar Ingilishi, watau wajenmu.

Sai ran 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, bisa ƙudurin Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Awa 40 kuwa ba ta iso ba sai Disamba 1952, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun yi yajin gama-gari a Nuwamba.

To, jama'a, ashe Bafaranshe da Bamaraɗe duk da gwagwarmaya suka sami hutu, sai dai na Bamaraɗe ya makara da shekara 16.