Layi

layi (suna, namiji, jam'i: layuka). Aro ne daga Turanci.

1. Jerin shaguna ko gidaje a bakin hanya. A Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa a Ibadan a 1916, za ka ji an ce: "Alhaji, ina layin 'yan canji."

2. Jerin masu jira, kamar a "bin layi".

3. Lambar waya: "Layinsa ba ya shiga." Wannan ma'ana ta bazu bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001.

4. A bakin ma'aikatan sadarwa: hanyar da bayanai ke bi tsakanin na'urori biyu. Mafi buƙatar kulawa shi ne layi mai agogo ɗaya, irin E1, wanda ya daɗe yana haɗa turakun salula da cibiyoyinsu. Yana ɗaukar kilobit 2,048 a daƙiƙa, an kasa shi gurbi 32, kowanne kilobit 64. Gurbin farko aikinsa tsare jerin tafiyar.

Wajen saiti, na'ura ɗaya ce ke ba da bugun agogo, ɗayar ta bi. In kowace ta riƙe nata, sai bayanai su riƙa zamewa, dillalin shanu na tsakiyar ciniki da Kano a waya, murya ta kakkarye. Wajen gwaji, akan juyo da layin kansa, a tura sanannen jerin lambobi, a ƙirga kurakuran da suka dawo. A ganina gwajin minti goma bai isa ba. Matsalar agogo takan ɓuya, gara a bar shi ya kwana.