BABI NA BIYU: Ƙasar Kogin Kaduna da Mutanenta a Idon Matafiyi Richard Lander, 1827

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi abin da wani baƙo daga nesa ya gani, ya kuma rubuta, game da mutanen da ke zaune a ƙasar kogin Kaduna tun kafin a kafa birnin. Za a kawo taƙaitaccen tarihin tafiyarsa, da irin hoton da ya bayar na 'yan asalin ƙasar, sannan a auna wannan hoto da abin da tarihi ya tabbatar. Manufar ita ce a nuna cewa labarin matafiyi hujja ce mai amfani, amma idan aka ɗauke shi ba tare da tacewa ba yana iya shafe mutane daga ƙasarsu a kan takarda.

2.1 Matafiyin da Tafiyarsa

An haifi Richard Lander a garin Truro na ƙasar Ingila a shekarar 1804. Ya shigo ƙasar Hausa a matsayin baran Kyaftin Hugh Clapperton, wanda gwamnatin Ingila ta sake aikowa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da kuma neman sanin inda kogin Kwara yake faɗawa. Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827, ya bar Lander shi kaɗai Bature a ayarin, yana da shekara 23.

Maimakon ya koma gaɓar teku ta hanyar da suka zo, sai Lander ya bar Kano a ƙarshen watan Mayu ya yi kudu, da nufin isa Fanda, ya shiga jirgi ya bi ruwa. Ya ratsa gabashin ƙasar Zazzau, ya ƙetare kogin Kaduna, ya sauka a ƙasar Katab, har ya kai Daroro a watan Yuni. A nan ne mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka juyo da shi, saboda ana zargin Fanda da gaba da Sakkwato. A dawowa ya sake ƙetare kogin, ya bi ta Igabi, ya shiga Zariya a watan Yuli. An buga labarin wannan tafiya a Landan a 1829 haɗe da littafin ubangidansa, sannan ya fitar da nasa a 1830.

2.2 Abin da Ya Gani

Za a iya kasa bayanin Lander kashi uku. Na farko shi ne siffar mutane. Ya ɓata lokaci wajen bayyana waɗanda ya tarar ba sa sa tufafi, da irin adon da suke yi a leɓe. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin masu karatu a Turai. Duk da haka ya yaba halinsu, ya nuna mutane ne masu fara'a da karɓar baƙo.

Na biyu shi ne arzikin ƙasa. Ya kwatanta Katab da tarin ƙauyuka kusan 500 a kusa da juna, da kasuwa mai ci wadda fatake ke zuwa daga nesa. Haka kuma ya yaba tsaftar garin Igabi da tsarinsa.

Na uku shi ne bauta. Ya gamu da ayarin bayi a ɗaure ana kora su arewa a matsayin gandu. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa jama'a da yawa suka gina gidajensu a kan duwatsu da cikin kurmi, nesa da hanyar mahaya. Wato baƙon da ke bin babbar hanya ba lalle ne ya ga yawancinsu ba.

2.3 Idon Aro

Babban abin lura shi ne Lander bai ji ko ɗaya daga harsunan waɗannan al'ummu ba. Ɗan abin da ya iya Hausa ce, kuma tafintan ayarin, Pasko, Bagobiri ne da ya taɓa aiki a jiragen ruwan Ingila. Saboda haka sunayen da ya rubuta na bakin fatake ne. Misali, ya kira mutanen kan duwatsu da sunan Bauchi. Mahdi Adamu (1978) ya bayyana cewa a da Hausawa suna kiran yankin da ke kudu da su baki ɗaya ƙasashen Bauchi. Ke nan kalmar ba sunan wata ƙabila ɗaya ba ce, buhu ne da aka zuba al'ummu masu yawa a ciki.

Haka abin yake ga sunan Gwari. Mutanen suna kiran kansu Gbagyi, amma sunan da ya shiga littattafai shi ne wanda maƙwabta suka laƙaba masu. A Hausa kuwa kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta raini, domin ana cewa mutum yana gwaranci idan Hausarsa ba ta nuna ba. Bugu da ƙari, labarin Bayajida ya jera Gwari cikin Banza Bakwai. Amma shekara guda kafin tafiyar Lander ta kudu, a 1826, shi da Clapperton sun sauka a Birnin Gwari, suka tarar da gari mai ganuwa da sarki, wanda bai miƙa wuya ga Sakkwato ba. Ashe idan an duba da kyau, littattafan matafiyan da kansu suna ƙaryata tunanin cewa mutanen daji ne marasa tsarin mulki.

Akwai kuma abin da mai wucewa ba zai gane ba. Baƙo zai ga macen Gbagyi ta ɗora kaya a kafaɗa ya ɗauka wahala ce kawai, alhali a al'adarsu ana girmama kai ne, ba a ɗora masa nauyi. Zai ga tukunya ya wuce, alhali daga wannan sana'a ce aka sami Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar naira 20. Hausawa na cewa idon baƙo ya fi na ɗan gari girma, amma ɗan gari ya fi shi sanin hanya.

2.4 Daga Takarda Zuwa Ƙasa

Wasu Turawa sun biyo sawun Lander, kamar Gerhard Rohlfs da ya bi ta Zangon Katab a 1867, da Paul Staudinger wanda ya taso daga Keffi ya ƙetare kogin zuwa Zariya a 1885. Dukkansu masu wucewa ne, kuma ja-gororinsu ba 'yan ƙasar ba ne.

Lokacin da Turawa suka koma masu mulki, wannan hoto ya yi tasiri. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa duk filayen Arewa a hannun Gwamna. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta ƙetare kogin Kaduna ta isa Kano a 1911. Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwa da jirgi da kuma kasancewarsa nesa da fadar kowane babban sarki, aka kuma kammala ɗauko hedikwata daga Zungeru a 1917. Daga nan ne aka sami zancen da ya yaɗu cewa Kaduna garin Bature ne da aka sara a daji.

Gaskiya ne Turawa suka zana birnin, amma ba fili wofi suka tarar ba. Sunayen unguwanni shaida ne: akwai Kurmin Gwari, akwai kuma mazaɓar Kakuri Gwari kusa da Kakuri Hausa. A kudancin kogi ne aka kafa tashar Kaduna Junction, da masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Kowane ɗaya ya ci gonaki, ya kuma jawo ma'aikata daga ko'ina cikin Nijeriya, har masu gonakin suka zama 'yan tsiraru a inda kakanninsu suka yi noma. Sai a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, wanda ya hau mulki a 1999, aka ba Gbagyi masarautarsu, aka naɗa Sa Gbagyi.

2.5 Darasi Daga Ostireliya

Misalin Ostireliya zai ƙara fito da haɗarin. William Dampier ya sauka a gaɓarta a 1688, ya rubuta bayani na raini a kan 'yan asalin ƙasar. James Cook ya zo a 1770 ya ce gabashinta mallakar Ingila ne, aka fara zaunar da Turawa a 1788. Da yake baƙin ba su ga shinge ko fada irin tasu ba, sai doka ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. Ba a rushe wannan hukunci ba sai a 1992, a shari'ar Eddie Mabo.

Sai dai akwai bambanci. A Kaduna Turawa ba su zo zama ba, kuma cuɗanyar Hausawa da Gbagyi ta kasuwanci da maƙwabtaka ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Inda suka yi kama shi ne yadda abin da baƙo bai gani ba yake komawa tamkar babu shi.

2.6 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa Lander ya bar bayani mai daraja kan kasuwanni da garuruwa da bala'in bauta a ƙasar kogin Kaduna, amma da sunayen aro da fassarar wasu. Tun bayan rikicin shekarar 2000, wanda ya sa kogin ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna birnin, tambayar wane ne ɗan asali ta ƙara nauyi, kuma kowane ɓangare yana neman hujja a tarihi. Don haka wajibi ne mai bincike ya haɗa littafin matafiyi da tarihin baka na dattawan Gbagyi da na Hausawa, da sunayen wurare, kafin ya yanke hukunci. Babi na gaba zai dubi asalin sunayen unguwannin kudancin kogi.