Lalacewar keke a doguwar tafiya: Matsalolin da aka fi samu da yadda ake magance su

Masu doguwar tafiya a kan keke sukan shafe kwanaki ba su haɗu da mai gyara ba. Shi ya sa ƙa'idarsu ta farko ita ce matafiyi ya zama makanikin kansa, ya kuma zaɓi keken da za a iya gyara shi da kayan da ake samu a kowane ƙauye.

Labarin Eugène Christophe ya shahara a kan wannan. A gasar tseren keke ta Tour de France ta 1913, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban kekensa ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Ya saɓa keken, ya yi tattakin kimanin kilomita 10 zuwa maƙerar ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya ƙera ƙarfen da hannunsa, domin dokar gasar ta hana karɓar taimako. Duk da haka alƙalai suka ci shi tarar mintuna saboda wani yaro ya yi masa zuga. Ya kammala gasar a matsayi na 7.

Faci

Ita ce matsalar da ta fi yawa. Bayan an ciro robar ciki an gano hujin, ana kankare wurin, a shafa sholisho, a bar shi ya sha iska kamar minti 5 kafin a manna facin. Gaggawar mannawa ce ke sa faci ya ɗaye. Dole ne kuma a shafa cikin tayar da yatsa, domin idan ƙayar tana nan, za ta sake hudawa. Huji biyu a jere, kamar saran maciji, alama ce ta ƙarancin iska. Idan tayar ce ta yage, ana shimfiɗa yankin tsohuwar taya ta ciki har a isa gari.

Tsinkewar sarƙa

Ana cire gaɓar da ta lalace da ɗan ƙarfen ɓalle sarƙa, a haɗa sauran. A keke mai giya, sarƙar da ta gajarta tana iya tafiya, sai dai a guji manyan haƙora. Sabuwar sarƙa tana da inci 12 cif a cikakkun gaɓoɓi 12. Idan tsawon ya ƙaru da ɗaya bisa takwas na inci, ta cinye. Ƙura da yashi ne ke saurin cinye ta, don haka ana goge ta kafin a sa mata mai.

Karyewar wayoyin ƙafa

Siraran wayoyin da ke riƙe da da'irar ƙafar keke sun fi karyewa a ƙafar baya, ta gefen sarƙa, inda nauyin kaya ya taru. Ɗaya ta karye, ƙafar za ta murguɗe ta riƙa gogar birki, sauran kuma su bi sahu idan aka yi sakaci. Kafin a samu canji, ana ɗan sassauta na kusa da ita da ke ɗaya gefen don ƙafar ta miƙe. Wannan ne dalilin da ya sa ake fifita ƙafa mai wayoyi 36.

Tsagewar gangar jiki

A nan ake ganin amfanin keken ƙarfe: kowane mai walda zai iya ɗinke shi. Na alminiyom sai da walda ta musamman, na kabon kuwa ba ya walduwa ko kaɗan.

Guzurin matafiyi

Kayan da ba a rabuwa da su sun haɗa da famfo, robar ciki 2, kayan faci, sifana, filaya, ƙarfen ɓalle sarƙa, wayoyin ƙafa da wayar birki. Girgizar hanya tana kwance notocin kariya sannu a hankali, saboda haka gogaggun matafiya sukan duba su, tare da birki da iskar taya, kowace safiya kafin su hau.