Ɗumamar Teku: Inda Zafin Duniya Ke Taruwa

Ɗumamar teku ita ce ƙaruwar zafin ruwan tekunan duniya sakamakon hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa wajen ƙona kwal, man fetur da gas. Wannan hayaƙi, musamman iskar kabon, yana tare wani ɓangare na zafin da ya kamata ya fice zuwa sararin samaniya. Tekuna sun mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na faɗin duniya, kuma su ne ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi. Saboda haka masana ke kallon zafin teku a matsayin ma'aunin da ya fi nuna gaskiyar halin da duniya ke ciki.

Yadda ake aunawa

Baya ga tauraron ɗan Adam da jiragen ruwa, akwai shirin Argo, wanda ke da na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekuna. Kowace na'ura tana nutsewa har zurfin mita 2,000, tana auna zafi da gishirin ruwa, sannan ta taso bayan kimanin kwana 10 ta aika bayananta.

Shekarun da suka kafa tarihi

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekara mafi zafi tun da aka fara adana bayanai, inda zafi ya zarce na tsakanin 1850 da 1900 da kusan digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. Kafin nan 2023 ce ke riƙe da kambun. Yanayin El Nino, wanda ke ɗumama ruwan gabashin tekun Fasifik duk bayan 'yan shekaru, ya taimaka wajen ɗaga alƙaluman. Sai dai El Nino baƙo ne mai zuwa ya tafi, alhali zafin da ke taruwa a cikin teku yana ci gaba da hauhawa shekara da shekaru.

Illoli

Ruwa yana kumbura idan ya ɗumama. Wannan kumburi, tare da narkewar ƙanƙara, ya ɗaga matakin teku da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, abin da ke barazana ga biranen gaɓar teku irin su Legas. A watan Afrilun 2024 aka ayyana karo na huɗu da murjanin teku, mafakar kifaye masu yawa, ya koɗe a faɗin duniya saboda zafi. Haka kuma iska tana ɗaukar ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya, wanda ke ƙara ƙarfin ruwan sama da guguwa.

Yankin Sahel ma bai tsira ba duk da nisansa da teku, domin daga tekun Atilantika iskar damina ke kwaso danshinta. Bincike ya danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin ruwan tekuna.

Siyasar lamarin

A yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashe sun amince su tsayar da ɗumamar ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ta haura 1.5. Ana auna wannan iyaka da matsakaicin shekaru masu yawa, don haka shekara guda ba ta nufin an karya ta. Afirka tana fitar da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, dalilin da ya sa ƙasashe masu tasowa suka matsa har aka amince da kafa asusun biyan asara a taron Sharm el-Sheikh na 2022. Zafin da teku ya riga ya shanye zai daɗe a cikinsa ɗaruruwan shekaru, ko da an daina fitar da hayaƙin. Abin da rage shi zai iya sauyawa shi ne yawan zafin da za a ƙara a gaba.