Kalmomin farin ciki a harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi na da kalmomi da dama na bayyana farin ciki, kuma kowace da muhallinta. Sanya wata a wurin wata kan sauya ma'ana gaba ɗaya, musamman a wasiƙa ko a takardar jarrabawa.

Asalin kalmomin

Wadda aka fi sani ita ce happy. Ta samo asali ne daga hap, tsohuwar kalma mai nufin sa'a, wadda Ingilishi ya aro daga mutanen arewacin Turai. Ke nan da farko happy na nufin mai sa'a ne, kafin ta koma mai farin ciki.

Ita kuwa glad tsohuwar kalmar Ingilishi ce da a da take ɗauke da ma'anar haske ko sheƙi. A nan Bature da Bahaushe sun yi tarayya, domin shi ma Bahaushe da fari yake siffanta cikin mai murna.

Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, kalmomin Faransanci sun kwararo cikin harshen. Daga cikinsu akwai joy, wato murna mai zurfi, da delight, da kuma cheer, wadda asalinta fuska take nufi. Shi ya sa cheerful ta fi dacewa da mutum mai fara'a.

Mai jin daɗi da abin da ya kawo daɗin

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Ingilishi na bambanta wanda ya ji daɗin da abin da ya jawo shi.

Mutumin da aka yi wa albishir shi ne delighted, amma ziyarar da ta faranta masa rai delightful ce. Haka kuma mutum ne pleased, yanayi ko hira kuwa pleasant. Mai ɗokin tafiya excited ne, ita tafiyar exciting.

Saboda haka wanda ya rubuta wa mai gidansa cewa shi delightful ne, ba godiya ya yi ba, yabon kansa ya yi.

Ana kiran taron biki ko na suna joyous, a kira wasa ko karatu enjoyable. Labarin alheri mai sanyaya zuciya shi ne heartwarming, yayin da uplifting ke nufin abin da ke ƙarfafa gwiwa, kamar nasiha.

Matakan murna

Kalmomin suna hawa-hawa. Content ita ce wadar zuci, ta wanda ya gamsu da abin da Allah ya ba shi. Sama da ita akwai glad da happy, sannan thrilled da overjoyed. Can ƙololuwa kuma sai ecstatic, daga kalmar Girkanci mai nufin fita daga hayyaci. Bliss kuwa cikakkiyar ni'ima ce, don haka ake yawan danganta ta da Aljanna.

Akwai kuma kalmar da ke bukatar hattara. A tsofaffin littattafai gay na nufin mai annashuwa, amma tun cikin ƙarni na 20 ta koma nufin masu neman jinsi ɗaya, kuma haka mai sauraro zai fahimce ta a yau.