Waiwaye Adon Tafiya: Ƙuri'ar Mutanen Ƙasarmu Daga 1979 Zuwa 2023

Wani ɗan uwa ne ya tsokano wannan rubutu a wata hira da muka yi a Matazu, inda ya ce wai mu mutanen Katsina ba a shan wahalar neman ƙuri'armu, duk inda manya suka nuna can muke bi. Na ce masa a'a, sai mu koma baya mu duba, domin ni dai abin da na gani da idona ya sha bamban da haka.

A zaɓen 1979 ina yaro, kuma a lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna ne, don sai a 1987 aka ba Katsina tata jihar. Abin da na fi tunawa shi ne gardamar da ake yi a zauren gidanmu bayan sallar isha'i. Baba manomin auduga ne, yana tare da NPN mai alamar gida da masara, shi kuwa ƙanensa ya rantse sai mabuɗin PRP ta Malam Aminu Kano. Ba mu kaɗai ba ne, domin ko a gidan 'Yar'aduwa da ke birnin Katsina, uban jigo ne a NPN, ɗansa Umaru kuma yana PRP. Da aka ƙirga, Alhaji Shehu Shagari ne ya zo na ɗaya a jihar a zaɓen shugaban ƙasa, amma kujerar gwamna ta tafi ga Balarabe Musa na PRP, wanda ya kayar da Alhaji Lawal Kaita. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake ganin irinsa.

Ƙuri'ata ta farko a zaɓen shugaban ƙasa na jefa ta ne ranar 12 ga Yuni, 1993. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda babu ɗan siyasar da ya kai shi ƙarfi a jihar a lokacin, yana SDP mai doki tare da Abiola. Duk da haka Bashir Tofa na NRC ne ya ci Katsina, alhali a Kano, mahaifarsa, Abiola ne ya kayar da shi. In da inda manya suka nuna kawai muke bi, ai da ba a yi haka ba. An dai soke zaɓen, kowa ya koma gonarsa.

A 1999 jama'a suka shige ƙarƙashin lemar PDP, aka ba Obasanjo ƙuri'a mai yawan gaske. Wasu sun yi haka ne don tunawa da Janar Shehu, abokin tafiyarsa da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, wasu kuma gajiya ce da mulkin soja. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama gwamna.

To amma fa 2003 ita ce shekarar da ta fi fito da halinmu fili. Ranar 19 ga Afrilu aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna tare, rana ɗaya, rumfa ɗaya. Janar Muhammadu Buhari na ANPP ya yi wa Obasanjo fintinkau a jihar, amma kuma 'Yar'aduwa na PDP ya koma kujerarsa. Na ga dattijon da bai iya karatun boko ba ya dangwala wa masara a takarda ɗaya, ya dangwala wa lema a ɗayar, kuma ba kuskure ya yi ba.

Zaɓen 2007 kuwa ya zama na 'yan gida ɗaya, Buhari daga Daura, 'Yar'aduwa daga Katsina. Hukumar zaɓe ta ce 'Yar'aduwa ne ya ci, masu sa ido na ciki da na waje suka ce an tafka maguɗi, shi kansa marigayin ya amsa cewa zaɓen yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Saboda haka ba na auna zuciyar jama'a da wannan shekara.

A 2011 aka maimaita na 2003. Buhari, a sabuwar jam'iyyarsa ta CPC, ya samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya a jihar, bayan kwana goma kuma Ibrahim Shema na PDP ya ci gwamna karo na biyu. Sai dai wannan shekara ta bar mana tabo, don tarzomar da ta biyo bayan sanar da sakamako ta ci rayuka fiye da 800 a Arewa, ta kuma taɓa Funtua da Malumfashi. Allah Ya kiyaye gaba.

Sai 2015, shekarar "sak", wato tsintsiya daga sama har ƙasa. Buhari ya samu 1,345,441, Jonathan 98,937. Aminu Bello Masari na Kafur, ɗan shiyyarmu ta Funtua, ya zama gwamna. A nan ne wasu 'yan siyasa suka ɗauka an mallaka musu mu har abada. A 2019 ma Buhari ya samu 1,232,133, amma Atiku ya tashi da 308,056, alamar cewa bango ya fara tsagewa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. 'Yan bindiga suka hana noma a wurare da dama, a Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara, taki ya yi tsada, ana dab da zaɓe kuma canjin kuɗi ya sa mai buhun masara ya rasa takardar naira a hannunsa. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, Atiku na PDP ya ci Katsina da 489,045, Tinubu na APC ya samu 482,283. Tazarar 6,762 ce kacal, a jihar shugaba mai ci. Bayan mako uku Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna da rata mai faɗi. Halin nan dai na 1979 da 2003 ya dawo.

Amma akwai abin da ya fi damuna. In ka haɗa ƙuri'un Atiku da na Tinubu, ba su kai abin da Buhari shi kaɗai ya samu a 2019 ba, alhali masu rajista sun haura miliyan uku da rabi. Ashe mafi yawanmu gida suka zauna. Wani ƙauyensu ya tashi, wani ya rasa kuɗin mota, wani kuma zuciyarsa ce ta mutu da lamarin.

Don haka amsata ga ɗan uwana ita ce, manomin ƙasar nan mutum yake zaɓa, ba jam'iyya ba, kuma aron ƙuri'arsa yake bayarwa, ranar da ya ga ba daidai ba ya karɓe abarsa. 'Yar'aduwa ya rasu a 2010, Buhari a Yulin 2025, Allah Ya jiƙansu. Yanzu babu sauran rigar da wani zai raɓa ya wuce. Duk mai son ƙuri'ar Matazu da Musawa da Malumfashi, sai ya zo ya faɗa mana yadda za mu je gona mu dawo lafiya. Mu kuma kada fushi ya sa mu zauna a gida, don wanda bai fita ba, wani ne zai zaɓa masa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, amin.